Ranar da suwici biyu suka amsa suna ɗaya

Shekara uku na yi ina bin suwici, wato na'urar da ke haɗa kwamfutoci da juna, ɗaya bayan ɗaya da hannu. In an buɗe sabon gini a wurin aikinmu, sai in shiga suwicin ta SSH, hanyar shiga na'ura daga nesa, in rubuta layukan OSPF, in fita, in nufi na gaba. OSPF ita ce ƙa'idar da na'urorin ke gaisawa da ita, kowacce ta gaya wa maƙwabciyarta hanyoyin da ta sani, su lissafa mafi kusa da kansu. Tsohuwar aba ce, takardar da ake bi yanzu, RFC 2328, tun 1998 ta fito. Ba ta da wuya, amma ba ta da yafiya. Duk daƙiƙa 10 na'ura kan yi sallama, in aka kai 40 shiru sai maƙwabciya ta ɗauka ta mutu. In waɗannan lambobi suka sha bamban a bakin waya biyu, zumunci ba zai ƙullu ba har abada.

Da gajiya ta ishe ni sai na koma Ansible, manhajar saita na'urori da yawa a lokaci guda, wadda Michael DeHaan ya fara a 2012, Red Hat ta saye ta a 2015. Tsarin kamar akwatin buga bulo yake. Ka rubuta samfuri guda da Jinja2, harshen rubuta samfura, ka bar gurabe: nan sunan na'ura, nan lambar shaidarta, nan yankin da take. Kowace suwici kuma tana da ɗan fayil ɗinta na YAML mai ɗauke da abin da za a zuba. Aikin yini guda ya koma na minti kaɗan, har na fara jin kaina.

Wata Talata aka kawo suwici sabuwa. Na kwafi fayil ɗin wata tsohuwa, na sauya suna, na sauya lambobin ƙofofi, na manta da lambar shaida. Na yi gwaji da --check da --diff, masu nuna abin da zai sauya ba tare da an taɓa na'ura ba, komai ya fito tsaf. To me zai hana? Samfurin bai yi laifi ba, abin da na ba shi ya buga.

Ba a jima ba waya ta fara ƙara. Ba daga sabon ginin ba, daga sashen kuɗi, can wani gefe. Intanet ta zo, ta tafi, ta dawo. Dalilin kuwa, a OSPF kowace na'ura da lambarta take sanar da hanyoyinta. Yanzu biyu na amsa suna ɗaya. Wannan ta ga sanarwa da sunanta wadda ba ita ta yi ba, sai ta fitar da sabuwa ta danne ta. Waccan ma ta rama. Sauran na'urori kuma duk sanarwar da ta zo sai su sake lissafi daga farko. Wake ɗaya ya ɓata gari.

Kusan awa biyu ina karanta samfurin layi-layi, don a kaina nan ne kaɗai inda kuskure zai ɓuya. Ogana ya zo ya tsaya a bayana ya ce, "Malam, samfurin nan jiya ma shi ka yi aiki da shi. Me ka taɓa yau?" Na ce, "Ranka ya daɗe, fayil ɗaya ne kawai." Ban rufe baki ba na gane.

Tun ranar na daina kallon fayilolin bayanai a matsayin cike gurbi. Kafin a tura komai, akwai matakin da ke tattara duk lambobin shaida da adireshi, in ya ga biyu iri ɗaya ya tsayar da aikin. Turawa ma ɗaya-ɗaya ake yi, a duba maƙwabta sun kai FULL, wato zumuncinsu ya ƙullu sarai, kafin a wuce. A na'urorin Cisco nakan sa reload in tukuna, umarnin da ke sake kunna na'ura bayan wasu mintuna, ta yadda in na yanke igiyar da na hau, na'urar za ta tashi da tsohon saitinta. Masu na'urorin Juniper sun fi mu hutawa da commit confirmed, wanda ke mayar da tsohon saiti da kansa in ba a tabbatar da sabon ba. Wanda ke ganin wannan tsoro ya yi yawa ya tuna 4 ga Oktoban 2021, lokacin da umarni guda yayin gyara ya ɓatar da Facebook da WhatsApp kusan awa shida.

Ban ce samfuri bai biya ni ba. Da shi na gano cewa ma'aunin saurin layi da Cisco ke zuwa da shi na 100 Mbps ya sa OSPF na ɗaukar layin gigabit ɗaya da na goma farashi ɗaya, wato ba ta bambanta su wajen zaɓen hanya. Gyaran layi guda ne, amma dole ya zama iri ɗaya a ko'ina, irin aikin da hannu kan tsallake na'ura ɗaya ko biyu.

Abin da har yau ban shawo kansa ba mutane ne. Matsala ta taso da dare, mai aikin kwana ya shiga ya gyara da hannu, bai taɓa fayil ba. Washegari Ansible ta zo ta mayar da abin yadda ta sani. Yanzu kowace asuba akwai rahoton da ke kwatanta abin da ke cikin na'ura da abin da ke rubuce. Na safiyar yau ya nuna layi uku a suwicin ɗakin taro, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce ba shi ba ne.