Asabar a ruwan Dadin Kowa

Ƙarfe goma ta wuce, yara sun yi barci, hannuwana kuwa har yanzu ƙarnin kifi suke yi duk da sabulu da lemun tsamin da na goga. Bari in rubuta wannan kafin gyangyaɗi ya kwashe ni.

A Dadin Kowa na kwana jiya, gidan Kawu, ƙanin mahaifiyar maiɗakina. Asalinsu mutanen Yawuri ne, sana'ar kamun kifi ce ta kawo shi ƙasar Gombe tun yana saurayi, ya yi aure ya zauna. Ya daɗe yana ce mini in zo in ga inda kifin da yake aiko mana yake fitowa, ni kuma kullum sai in ce sai an yi hutu. Abin kunya ma, daga Gombe tafiyar ba ta kai kilomita 40 ba a kan hanyar Biu. Jiya bayan la'asar dai na je tasha na hau mota.

Muna idar da sallar asuba muka gangara bakin ruwa, ni da Kawu da autansa, yaro ɗan sakandare. Hunturu ya fara shigowa, sanyin bakin ruwa kuma daban yake da na cikin gari, har cikin ƙashi yake shiga. Kwale-kwalen na katako ne, ba inji. A cikinsa akwai filafili biyu, doguwar gora, ƙoƙon kwashe ruwa, wani tsohon kwano cike da yashi, da ƙunshin buhunan taki da ban san amfaninsu ba a lokacin. Maiɗakina ta sa sai da na aro rigar kariya kafin ta bar ni na fito. Ni kaɗai ne mai irinta a duk bakin ruwan, masunta suna ta kallona suna murmushi. Ban cire ba. Labarin kifewar jiragen ruwa da muke ji a rediyo ya ishe ni dalili.

"Zauna a tsakiya, ɗana," in ji Kawu. "Kome ka gani kada ka miƙe tsaye."

Wanda bai taɓa shiga ba ba zai gane girman ruwan nan ba. Daga titi mutum yana hango shi ne kawai. Kogin Gongola ne aka tare, wanda ya taso daga tsaunukan Jos, ya ratso ƙasar Bauchi, ya zagayo ta Nafada, sannan ya gangara ya haɗu da Binuwai a Numan. A 1984 aka kammala madatsar, lokacin nan duk jihar Bauchi ce, sai a 1996 aka yanke Gombe. Ruwan famfon da muke sha a gari daga nan ake turo shi, akwai kuma injinan wuta masu megawat 40. A ƙarƙashin ruwan gonaki ne da itatuwan da tafkin ya haɗiye. Kawu ya san inda kututturan suke ɗaya bayan ɗaya, domin sun sha yaga masa raga. Can wani wuri ya nuna mini da haɓa ya ce ba a bi ta nan da sassafe, wurin dorina ne. Manoman Hinna sun fi kowa sanin ɓarnarsu a gonakin shinkafa. Ban ga ko ɗaya ba yau, kuma ban yi baƙin ciki ba.

Arewa muka nufa, su biyu suna tuƙi, ni ina kwashe ruwan da ke tsattsafowa ta tsakanin katakai. Kawu ya ce dole a yi wannan tafiyar kafin iska ta tashi, in ba haka ba sai ƙarfin mutum ya ƙare bai je ko'ina ba.

Kalli muka fara dubawa, ragar da ya shimfiɗa tun jiya da yamma, an ɗaura mata gutsattsarin soso da robobin ruwa don ta tsaya. Yaron yana ja, uban yana cire kifi. Yawanci karfasa ce, sai kurungu jefi-jefi. Cire kurungu daga raga aiki ne na haƙuri. Yana da ƙaya uku, ɗaya a baya biyu a gefe, da ya ji an taɓa shi sai ya miƙe su ya kulle, yana wani gurnani ƙasa-ƙasa. Kawu yakan riƙe shi ta ciki, ya karya ƙayoyin da ɗan yatsa, ƙas, ƙas, ƙas, ya jefa cikin jirgi, bai ko kallon hannunsa. Tafin hannun nan nasa duk tabo ne.

Wata karfasa ya ɗago ya ce in matso da kai. Ya matsa mata kumatu a hankali, bakin ya buɗe, sai ga ƙwai cike, 'yan ƙanana rawaya. Ashe a baki uwar take renon su har su ƙyanƙyashe, kuma duk tsawon lokacin ba ta cin abinci. Ya sake ta cikin ruwa. Daga nan ya shiga faɗan da na lura ya daɗe yana cinsa: masu su da raga mai ƙananan ido, har da masu ɗinka gidan sauron da aka raba don zazzaɓin cizon sauro su ja shi a gefen ruwa, su kwashe har 'ya'yan da ba su kai yatsa ba. Ya ce Sarkin Ruwa ya hana, an sha kamawa, amma da dare wa zai tsare ruwa mai wannan faɗi? Na so in ce yunwa ce take sa su, sai na ga shi ma ba a ƙoshe yake ba, kuma ga shi ya saki tasa. Na yi shiru.

Yaron ne ya so ya yi mini tsiya. Ya miƙo mini wani kifi mai taushi, mai ɗigo-ɗigo, a cikin ƙoƙo, ya ce, "Yaya, taɓa ka ji laushinsa." Kawu ya daka masa tsawa tun kafin in ɗaga hannu. Minjirya ce. Wutar da take saki tana iya sa babban mutum ya saki filafili. Yaron ya yi ta dariya har da riƙe ciki, wai da ya ga yadda malamin makaranta yake rawa.

Sai ƙugiya. Doguwar igiya ce mai ƙugiyoyi da yawa a jere, wasu an sa musu 'yan ƙananan kifi, wasu kuma gutsuren sabulu, wanda Kawu ya ce tarwaɗa tana so. Mun sami tarwaɗa masu kyau. Muna kusa da ƙarshen igiyar sai na ga fuskarsa ta canza, ya ce wa yaron ya saki filafili ya riƙe gefen jirgi. Igiyar ta miƙe tana rawa. Bai ja da ƙarfi ba. Ya ja kaɗan, ya saki, ya sake ja, yana magana ƙasa-ƙasa da abin da ke ciki. Da ya taso sai na ga farin jiki yana walƙiya, da jan ido, da baki da zai haɗiye dunƙulen hannuna. Giwan ruwa. Ya sa hannu ta maƙogwaro ya jefo shi ciki, jirgin ya yi tangal-tangal, ni kuwa na ƙanƙame katako ina salati. Tsawonsa ya kai daga kafaɗata zuwa yatsuna.

Nan take na ce, "Kawu, yau wannan za mu gasa. Ko nawa ne zan biya."

Ya yi dariya, ya jiƙa buhu ya lulluɓe shi. "Wannan ba nawa ba ne, ɗana. Na Hajiya ne."

Hajiya ita ce dillaliyar da ta ba shi kuɗin raga da ƙugiyoyi bayan damina. Sharaɗinsu, duk babban kifi ita za a kai wa, ita ce kuma za ta yanka farashi, ana cirewa daga bashin a hankali. Tun kifin yana yawo a ƙasan ruwa an riga an sayar da shi. Na ce to ai ba ta nan, wa zai gaya mata? Ya dube ni, irin kallon da ya sa na ji nauyin furfurarsa, ya ce in ragarsa ta yage gobe, ƙofar wa zai buga? Na so in ji haushin matar, amma da na yi tunani, ba wani banki da zai ba Kawu ko sisi a kan kwale-kwale da alkawarin baki. Duk da haka abin bai kwanta mini ba, har yanzu. Mutum ya tashi da asuba cikin wannan sanyi, ya yi kokawa da kifi, kuma a ce ba shi da ikon cewa ga kuɗinsa.

Da hantsi iska ta taso daga arewa maso gabas, hazo ya fara rufe duwatsun da ke gefe. A nan na ga amfanin buhunan taki. An farke su an ɗinke wuri ɗaya. Yaron ya kafa gorar a wani rami da ke jikin katakon tsakiya, ya ɗaura, iska ta cika su, sai jirgin ya kama hanyar gida da kansa. Kawu ya koma baya ya sa filafili cikin ruwa yana juya akalar. Ya ce a tafkin Kainji ya koyi wannan tun yana yaro. Dabarar tana aiki ne kawai in iska tana bayanka, shi ya sa yake shirya ragarsa ta arewa a wannan lokaci na shekara.

Da hannuwa suka huta sai aka koma kan ciki. Kwanon yashin nan ashe murhu ne. Yaron ya zuba gawayi a kai, ya kunna, iskar da ke tura mu ita ta hura wutar. Ya zaɓi karfasa matsakaita da kurungu, ya kankare, ya fasa ciki, ya wanke da ruwan tafki, ya tsattsaga gefensu da wuƙa, ya cusa gishiri da yajin ƙuli-ƙuli. Wata tsohuwar waya aka ɗora a kan garwashin. Ba mai, ba tumatir, ba komai. Fatar ta ƙone ta yi baƙi, ta tsage, farin nama ya bayyana yana tururi.

Na sha cin kifi a Gombe, soyayye da banda da na ƙanƙara, amma ban taɓa sanin karfasa tana da zaƙi ba sai yau. Naman yana rabuwa da ƙaya da kansa, babu ƙarni ko kaɗan. Kurungu kuwa, wanda a kasuwa nake wuce shi ban ko taya ba, kitse ne da shi a ciki, yana ɗiga kan gawayi yana cuwa. Kawu ya ba ni kan, ya ce a nan daɗin yake, ya nuna mini ɗan naman kumatu da ake zaƙulowa da farce. Muka haɗa da garin rogo da aka jiƙa da albasa, muna ci muna watsa ƙaya a ruwa. Na ƙona yatsu, yaji ya shiga idona, ban fasa ba. Abin da masunci yake ci ke nan kullum, ƙananan da dillalai ba sa rububi a kansu. Giwan ruwa yana kwance a ƙarƙashin buhu kusa da ƙafata, ina ci ina satar kallonsa.

Kafin azahar mun iso. Bakin ruwa ya cika da mata masu robobi da yara masu kankara, hayaƙin banda ya tashi ta ko'ina. Yaron Hajiya yana tsaye yana jira, tun daga nesa ya hango buhun. Ya ɗaga kifin, ya jijjiga, ya kira ta a waya, ta faɗi kuɗi. Kawu ya ce a ƙara, ta ƙara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya ce Allah ya sa albarka. Aka rubuta a wani ɗan littafi. Tarwaɗa manya ma suka bi shi. Zuwa dare wataƙila kifin nan yana wani wurin gashi a Gombe, an ninka kuɗinsa.

Ni aka cika mini leda da karfasa, na yi na yi in biya, Kawu ya ce in na sake zancen kuɗi zai kai ƙarata wurin surukata. Na damƙa wa yaron wani abu a ɓoye, na ce na littafi ne. A mota wata mata ta yi ta mita wai ledata tana ɗiga mata a zane, direba ya sa aka mayar da ita but.

Maiɗakina ta soya rabi da daddare, sauran ta barbaɗa gishiri saboda ba wuta. Ta tambaye ni nawa ne bashin da ke kan Kawu, na ce ban tambaya ba. Ta ce za ta bugi matarsa gobe ta ji, in abin da za mu iya ne a haɗa da 'yan'uwanta kafin lokacin sayen sabuwar raga. Litinin ina da jarrabawar 'yan aji uku, ban ko fara rubuta tambayoyin ba.