Karatun littafin binciken kisa da matan layinmu, da aikin da ƙanwar maigida ta yi mana

Mu matan layinmu a Gwammaja muna da zaman da muke yi duk Asabar bayan la'asar, gida-gida muke zagayawa, asali adashi ne ya haɗa mu sai abin ya zarce ya koma hira da ciye-ciye da kallo. Ni na shigo da karatun littafi cikin zaman, don tun ina sakandare nake da jarabar labaran ɗan sandan ciki da binciken kisa, Baba Allah ya jiƙansa yana da kwali guda na littattafan James Hadley Chase a ƙarƙashin gado, a nan na fara, daga baya na koma wa Agatha Christie na maƙale. Sauran matan kuwa littattafan soyayya na haya suka sani, irin wanda ake karɓowa a shago a mayar bayan kwana biyu, sai kuma fim mai dogon zango. Da na ce mu gwada wani abu daban ba su ƙi ba.

Littafin da na zaɓa shi ne Murder on the Orient Express na Christie ɗin, na 1934, na tsince shi wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa ta bakin kasuwar Sabon Gari, bangon ya ɗan ci wuya amma shafukan a cike suke. Labarin jirgin ƙasa ne da ya taso daga Istambul dusar ƙanƙara ta tsare shi a hanya cikin dare, da gari ya waye aka tarar da wani fasinja a mace a ɗakinsa an caccaka masa wuƙa wuri 12, ƙofa a kulle ta ciki, taga a buɗe amma babu sawun kowa a kan ƙanƙarar waje, wato wanda ya yi aikin yana nan cikin jirgin tare da kowa. Ga kuma Poirot, mai binciken nan ɗan Beljiyam, shi ma tafiyar ta rutsa da shi.

Kwafi ɗaya ne da mu, kuma ba kowa ce ke jin turanci ba, don haka ni na ɗau nauyin in karanta babi in fassara in tura saƙon murya a guruf ɗinmu na WhatsApp, ranar Asabar kuma a zauna a tattauna. Wallahi aikin nan ba ƙarami ba ne. Sai yara sun yi barci nake zama da fitilar waya in NEPA sun ɗauke, in karanta babin in sake karantawa don kar in tsallake wata alama, don a irin littafin nan hankicin da aka tsinta a ƙasa mai harafin H a jiki, da agogon da ya tsaya a ƙarfe ɗaya da kwata, da ɗan guntun takardar da aka ƙona, duk ba banza aka sa su ba, in na manta ɗaya na cuci masu sauraro. Data kuwa ba a magana.

Abin da ya fi faranta min rai Hajiya Babba ce, dattijuwar gidan da ke kallon namu, ba ta yi boko ba ko na kwana ɗaya amma duk cikinmu babu mai kai irin nata. Ita ta fara cewa ku tsaya, yaya za a ce wani sukan ya shiga sosai wani kuma ɗan karce ne, wani na bahago wani na mai hannun dama, a sake min wurin nan in ji. Sakataren mamacin bai kwanta mata ba tun farko, Ba'amurkiyar nan mai surutu kuma ta ce a sa mata ido, mai yawan magana ba a rasa abin da yake binnewa. Har aike take yi da safe, jikarta ta zo ta ce Hajiya ta ce wai yaushe za a turo ci gaban. Littafin kashi uku ne, mun gama na farko, mun gama na biyu inda ake jin ta bakin fasinjojin ɗaya bayan ɗaya, saura na ƙarshe inda Poirot zai zauna ya warware komai, kowa da wanda ta kama a ranta, har da masu cin alwashin lemo.

Asabar ɗin a gidana zaman ya faɗo. Na aika aka sayo min gurasa daga Jakara tun da zafinta, na yi bandashe, na ɗan yayyafa mata ruwan ɗumi ta yi laushi, garin ƙuli-ƙuli da yaji, man gyaɗa da na soya da albasa, tumatur da kabeji da kokwamba a kai, ga zoɓo da ya ji citta da kanumfari da ɓawon abarba ya kwana a firij ɗin maƙota. Ƙanwar maigida ta zo mana hutu daga makaranta, tana gefe da wayarta, ban ma ɗauka tana jinmu ba. Ana tsaka da musu Hajiya Babba na jero dalilanta, yarinyar nan ta ɗago hannunta cikin faranti ta ce, "Au Anti, wai wannan na jirgin ƙasan ne? Ai na kalli fim ɗinsa, a kasuwar waya ta Farm Centre aka tura min, ai ba yadda kuke zato ba ne," ta buɗe baki ta zayyano mana ƙarshen tas, wa ya yi, don me aka yi, da yadda Poirot ya yanke hukunci. Kafin in ce ke yi shiru ta gama. Ba zan maimaita abin da ta faɗa a nan ba, ba zan yi wa wata abin da aka yi min ba.

Hajiya Babba ta ajiye gurasar da ke hannunta ta ce, "'Yar nan me muka yi miki?" Ita kuma ko a jikinta, wai "Haba Hajiya, to ai labari ne kawai, na ga kuna ta wahalar da kanku ne." Wahala! Wahalar ai ita muka zo yi. Na rasa abin da zan ce don baƙuwata ce kuma dangin miji ce, in na yi magana a ce matar Yaya ta tsane ta, sai na shige kicin na tsaya ina jin zuciyata na tafasa. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita, ba abin da za ki yi ki cire sunan daga kan mutum bayan ya ji.

Daga baya da na huce kaɗan na gane daga inda abin ya samo ta. Mu a Kano ba da labarin fim ɗabi'armu ce, wadda ta rigaki kallon Labarina ko Daɗin Kowa ko Kwana Casa'in ita za ta ba ki labari a gidan biki ko a adaidaita, ke da kanki za ki ce ya aka ƙare jiya wutarmu ta ɗauke, kuma in aka faɗa miki ba abin da ya ragu, gobe za ki kalla ki ji daɗin rigimar da kwalliyar da habaicin. Haka fassarar Indiya, mutum ya kalli fim sau nawa ya san jarumin zai yi nasara amma yana nan zaune. Hatta littattafan Chase da yawansu tun farko kin san mai laifin, da shi ake tafiya, abin jira shi ne yadda dubunsa za ta cika, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da ya fito a 1982 ma ai sunan kaɗai ya faɗa miki inda aka dosa kuma ba zai hana ki karantawa ba. Amma irin na Christie tambaya ɗaya ce tak aka gina littafin a kanta, wa ya yi. Marubutan lokacin har ƙa'idoji suka yi wa abin, wani Ronald Knox ya jero guda 10 a 1929, ciki har da cewa dole mai laifin ya zama wanda aka ambata tun farkon labari, kuma duk alamar da mai bincike ya gani sai an nuna wa mai karatu, don gasa ce tsakaninki da marubucin. To wanda ya faɗa miki amsa ya tashi gasar. Yarinyar nan ba ta san wannan ba, na yarda, amma ko ba ka sani ba in ka ga manya sun duƙufa a kan abu ai ka tambaya kafin ka sa baki.

Mun ƙarasa littafin dai amma ba armashi. Mata biyu suka daina buɗe saƙon, jikar Hajiya ta daina zuwa aike. Ni da na riga na karanta shi tun da daɗewa ba ƙarshen aka ɓata min ba, abin da aka ƙwace min shi ne fuskokinsu, na daɗe ina jiran ranar da zan karanto babin ƙarshen nan in kalli Hajiya Babba lokacin da za ta ji, don wallahi ta kusa, tambayarta a kan sukan nan ita ce hanyar, da an bar ta ina kyautata zaton da kanta za ta cimma amsar. Wannan ne har yau yake min ciwo.

Duk mai son yin irin zaman nan, kafin ki zaɓi littafi ki bincika ko an yi fim ɗinsa, na Christie da yawa an yi, wannan na jirgin ma an yi a 1974 an sake a 2017, ki tambayi kowa har 'yan gida da baƙi ko akwai wanda ya kalla, in akwai ki ja masa kunne a gaban mutane tun ranar farko. Ki hana kowa buga sunan littafin a Google, taƙaitaccen labarin da ke Wikipedia har ƙarshe yake kaiwa. In tsoho za ki saya ki duba shafukan baya ko an yage, ki kuma duba gefen shafi da sauri ba tare da kin karanta ba ko wani ya yi rubutu da biro, akwai masu ja wa sunan mai laifi layi. Fim kuma sai an rufe littafi. Mu mun kalli na 2017 ɗin daga baya a gidan wata, da ɗan wake a gabanmu ana ta musun mai da yaji ya fi ko a sa masa dafaffen ƙwai da su latas, ni dai nawa in ya ji kuka da kanwa daidai ya yi santsi man gyaɗa da yaji sun ishe ni, sauran tarkacen ɓata shi suke. Fim ɗin ya yi kyau a ido amma sun cusa guje-guje da harbi, sun haɗa mutum biyu na littafin sun mayar da su ɗaya, Hajiya ta ce wannan mai uban gashin bakin ba shi ne Poirot ɗin da take gani a ranta ba, ta fi son na cikin waya.

Sannan a fara karatu kafin a kawo abinci, in faranti ya sauka hankali ya rabu kuma man gyaɗa ba ya fita a takarda, shafukan tsakiyar littafina duk sun yi dabbare-dabbare. Ranar da za a yi babin ƙarshe kuwa ni yanzu ba na yarda a yi a gidan da ke da baƙi.

Mun fara wani sabo, da ƙyar na shawo kan matan biyun suka dawo, Hajiya Babba ta ce za ta saurara amma da sharaɗin ba a gidana ba in yarinyar tana gari. Na yi wa littafin bango da tsohuwar kalanda, a guruf ma ban faɗi sunansa ba sai mun gama, na kuma gaya wa Abbansu ya yi wa ƙanwarsa magana da kansa kafin hutun da ke tafe, ya ce zai yi, har yanzu dai ban ji ya kira ta ba.