Kaza da 'Ya'yanta daga barandar Liyon

'Yan uwana na Garwa, assalamu alaikum. Ina gaida manya da yara.

Daren jiya sanyi ya kusa tsinke min yatsu a baranda, nan Liyon ta Faransa, duk a kan neman hoton Kaza da 'Ya'yanta. Taurarin nan da Kaka take nuna mana da muciya a tsakar gida, a nan da ƙyar nake ganin uku. Fitilun gari sun wanke sama tas.

Kayan aikina ba su da yawa: kyamara, dogon gilashinta mai jawo nesa, mai milimita 400, sai wata 'yar na'ura mai bin taurari. Ita ce uwar tafiyar. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, don haka da gilashi irin wannan, in ka bar idon kyamara a buɗe ya haura daƙiƙa ɗaya ko biyu, taurarin sun zama ja-ja kamar an yi yakushi. Na'urar tana murza kyamarar a hankali daidai da tafiyar sama, zagaye ɗaya cikin awa 23 da minti 56. Sharaɗinta ɗaya, sai an saita ta da tauraron arewa, Polaris. A nan yana sama wajen digiri 46. A Garwa kuwa digiri 9 ne kacal, gab da rufin kwano, ga hazon hunturu. Mai son gwadawa ya nemi tudu.

Hoto guda ba ya ƙosarwa. Guda 180 na ɗauka, kowanne daƙiƙa 30, na tara su a kwamfuta da manhajar Siril, wadda kyauta ce. Sai ga wata shuɗiyar ƙura ta bayyana tana lulluɓe da 'ya'yan kazar. Na daɗe ina kallo. Hasken nan ya baro can wajen shekara 440 da suka wuce, tun ba a haifi Modibbo Adama ba.

Af, har maƙwabciyata, wata dattijuwa, ta leƙo da faɗa, wai tagarta nake haskawa. Da na nuna mata hoton sai ta koma ta kawo min shayi.

Ku da ake ɗauke muku wuta kuna tsaki, wallahi a daren nan ina kishinku. In Allah ya kai mu Nuwamba, ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba, zan taho da kayan. A nemo min mai babur da ya san hanyar Lagdo, can nesa da fitilun Garwa, kuma a duba min daren da babu farin wata.

Naku,
ɗan uwanku a Liyon