Tsakin da na ja a bayan kyamara

Ba mu fi minti goma da fara aiki ba na sauke kyamara, na dubi ɗan allon da ke bayanta, na yamutse fuska, na ja tsaki. Fitila ce ta ɓata min rai. Ta gefen hagu ta ƙi kamawa, rabin fuskar yarinyar da nake ɗauka ya faɗa cikin duhu. Ban ce wa kowa komai ba, na je na taɓa waya, na dawo na ɗaga kyamara. Amma yarinyar da na tarar a gaban labule kamar an musanya ta. Kafaɗunta sun ɗage har sun kusa taɓa kunne, hannayen da ɗazu suke wasa da gefen riga sun manne a cinya, murmushin ya koma irin na hoton katin shaida. Awa biyu muka yi ina fama, ban sake ganin ta ɗazun ba.

Sai da muka tashi, tana ninke kayanta, ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, na san ban iya ba." Na ce me ya kawo wannan maganar? Ta ce ai ta ga lokacin da na duba hoton na ja tsaki.

A ranar na gane abin da ya kamata in gane tun farko: mai tallan kayan ƙawa ba ta ganin kanta. Ni ina kallonta ta cikin gilashi, mai kwalliya na kallonta daga gefe, mai ɗinki na kallon rigarsa, ita kuwa ba ta da abin dubawa sai fuskata. Labarin zuciya a tambayi fuska, ita kuma tawa take tambaya. In na yi shiru, sai ta cike shirun da mafi munin abin da take zato game da kanta. Tun daga lokacin bakina ba ya hutawa a wurin aiki. "Yawwa, haka. Tsaya nan. Wannan ya yi." In matsalar tawa ce, nakan faɗa da ƙarfi kowa ya ji: "Fitilata ce ta ƙi, ba ke ba ce, ba ni minti ɗaya."

Maganar ma sai da na koye ta. Da farko nakan ce "juya hagu", sai ta juya hagunta, ni kuma nawa nake nufi, mu yi ta ja-in-ja. Yanzu tafin hannu nake ɗagawa in ce ta bi shi da hanci. "Saki jiki" kuwa na daina faɗa, don ban taɓa ganin wanda ya saki jiki saboda an umarce shi ba. Abin da ke aiki shi ne ƙaramin umarni da jiki zai iya bi: mayar da nauyinki kan ƙafar baya, turo goshi gaba kaɗan ki sauke haɓa, ja numfashi ki sake ta baki. In tsayuwar na da wuyar bayani, nakan ajiye kyamara in yi da kaina. Ƙato da gemu ya karkace ƙugu ya ɗora hannu a wuya, dole a yi dariya, kuma dariyar nan ta fi min kowace fitila amfani. Hannaye su ne suka fi tona asirin tsoro, don haka nakan ba su aiki: riƙe bakin aljihu, gyara maɓalli, taɓa ɗan kunne. Hotunan minti goman farko kuma na san na zubarwa ne, ina ɗaukarsu ne kawai don kunne ya saba da ƙarar kyamara.

Masu wannan sana'a na son ba da labarin mai hoto Yousuf Karsh da Winston Churchill, Firayim Ministan Birtaniya na lokacin. A watan Disamba na 1941, a birnin Ottawa na Kanada, Churchill ya fito daga jawabi a majalisa, aka tsayar da shi gaban kyamara da sigarinsa a baki, ya ƙi ajiyewa. Karsh ya matso ya zare sigarin daga bakinsa, ya koma ya danna. Harar da Churchill ya yi masa ita ce hoton da ya zagaye duniya, har ya hau takardar fam 5 ta Ingila a 2016. Ni dai ba zan zare wa kowa komai daga baki ba, kuma ba na ba wa yaran da ke koyo a wurina shawarar su gwada. Abin da na ɗauka a labarin shi ne, fuskar nan ba daga cikin kyamara ta fito ba, martani ce ga abin da mai hoto ya yi.

Kuskuren da ya fi ci min kuɗi da mutunci kuwa na wani fanni ne. Na fara ne da hoton fuska, kuma na kamu da son gilashi mai 85mm a buɗe har f/1.8, wanda ke narkar da duk abin da ke baya ya bar ido kaɗai yana magana. Da wata mai ɗinki ta ba ni aikin ɗaukar sababbin rigunanta, sai na tafi da wannan ɗabi'ar. Abin da ban lissafa ba, daga tazarar mita 2, a wannan buɗin, wurin da ke fitowa tangaran bai wuce kaurin santimita 6 ba. Ido ya fito har ana ƙirga gashin gira, amma aikin zaren da ke ƙirjin rigar ya zama hazo.

Na kai mata hotunan ina jin kaina. Ta duba na farko, na biyu, na uku, tana jan hoton da yatsu biyu tana faɗaɗawa. Can ta ɗago ta ce, "Malam, yarinyar ta yi kyau. To ina aikina?" Na ce, "Hajiya, ai salon ke nan." Ta ce ita ba salo take sayarwa ba, riga take sayarwa, kuma kwana tara aka yi ana wannan aikin wuyan. Ba ni da ta cewa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: na sake kiran 'yar tallar da mai kwalliya, na biya su daga aljihuna, muka maimaita komai a f/8, ƙaramin buɗin da ke fito da ido da riga tare.

A hoton fuska mutum ne sarki, tufafi 'yan rakiya. A hoton kayan ƙawa riga ce sarauniya, ita kanta mai sanye da ita ta san haka, shi ya sa ƙwararriya ba ta tambayar ko ta yi kyau, sai dai ta ce, "Hannun rigar ya fito?" Daga nan na fara kallon yadi kamar yadda nake kallon fuska. Karan-miski na shanye haske, in ba ka haska shi daga gefe ba sai ya zama baƙin rami. Siliki da duk wani yadi mai sheƙi akasin haka ne, ƙaramar fitila na bar masa farin tabo, sai ka sa babban akwatin tausasa haske ka kawo shi kusa. Leshi na son haske ta baya don ramukansa su bayyana. Yadi mai ƙananan layuka a jere kan rikita kyamara ya haifar da wasu igiyoyin launi da babu su a zahiri, maganinsu sau da yawa matsawa gaba ko baya ne kaɗan. Ga kuma aikin da ba a gani a hoto: dutsen guga, da ƴan matsen da ake jerawa a bayan riga don ta zauna daidai jiki. Lanƙwasar da guga zai cire a minti ɗaya, a kwamfuta sai ta ci rabin awa.

Launi ma amana ne. Wadda ta ga shuɗi a waya ta yi oda, aka kawo mata abin da ya fi kusa da kore, mai ɗinki za ta zaga, mai ɗinki kuma ni za ta nema. A ma'aunin launin haske, hasken rana yana wajen 5500K, tsohon ƙwan fitila mai ja yana wajen 3200K, in ka bar su suka haɗu a kan riga ɗaya babu gyaran da zai daidaita su duka. Don haka nakan kashe fitilun ɗaki, kuma hoton farko a kowane saiti na ɗan kati ne mai ruwan toka a hannun 'yar talla, da shi nake saita sauran.

Tsayuwa cak ba ta nuna yadda riga ke rayuwa. A 1933 Martin Munkácsi, ɗan ƙasar Hungari, ya sa wata 'yar talla ta yi gudu a bakin teku yana ɗauka don mujallar Harper's Bazaar, a zamanin da aka saba jera mata kamar gumaka a situdiyo. Har yau dabarar na ci. Nakan ja layi a ƙasa, in ce ta taho daga taku huɗu baya, in danna lokacin da ƙafar gaba ta sauka. A waje nakan kai saurin ƙiftawar kyamara 1/1000 na daƙiƙa. A ciki da filashi ba na wuce 1/200, walƙiyar ce ke daskarar da motsin. Cikin ashirin, ɗaya ko biyu ne ke faɗawa daidai, kuma mai tafiyar nan a kan dogon takalmi take, don haka ina ƙirga mata, in ta yi sau goma a zauna a huta.

Akwai dokar da ba na sassautawa: ba na taɓa kowa. Ko zare ne ya maƙale a kafaɗa, ko gashi ya faɗo kan ido, nakan nuna wurin a jikina ta gyara, ko in kira mai kwalliya. Ba na aiki daga ni sai ita a rufe, ta zo da wanda take so. Wurin canja kaya daban, da ƙofa. Kafin ranar aiki ta san irin kayan da za ta sa, kuma abin da ba a yi magana a kansa ba ba ya ɓullowa a tsakiyar aiki. Inda hoton zai je ma a rubuce yake, da sa hannunmu: shafin mai ɗinki ne kawai, ko har da allon talla, kuma na tsawon wane lokaci. Na koyi wannan ne bayan na taɓa saka wani hoto a Instagram, wata 'yar talla na dariya ido rufe, ni a ganina ya fi duk sauran kyau. Ta kira ni cikin ladabi ta ce in cire. Na cire, kuma ban tambayi dalili ba, fuskarta ce.

Sai batun fata, wanda ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani matsakaicin ruwan toka ne. Ka tsayar da baƙar mace cikin farar riga, in ka biye masa, ko dai rigar ta ƙone ta rasa zarenta, ko fuskar ta nutse. Matsalar tsohuwa ce. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak ke rarraba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, da ake kira katin Shirley, da shi ake saita launi, kuma sai a shekarun 1990 aka fitar da mai ɗauke da mata masu fata daban-daban. Da farko ni ma ƙara haske kawai nake yi, sai fatar ta yi fari-fari kamar an shafa toka. Daga baya na lura baƙar fata da sheƙinta take nuna siffa, kamar gogaggen katako. Abin da take so babban haske ne mai laushi daga gefe, wanda zai kwanta a kan kunci da goshi, da farin faifai a ɗaya gefen yana mayar da kaɗan. In fitila ta fi kusa da rigar fiye da fuskar, nakan ɗaga ta ko in ja ta baya, domin haske na raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu duk lokacin da tazara ta ninka, kuma daga nesa bambancin da ke tsakanin wuya da ƙugu ba ya yawa. Ina ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, in tsare farin rigar, in ɗago fuskar a hankali daga baya.

Gyaran kwamfuta shi ne inda hannu ke zarcewa ba ka sani ba. A Faransa, tun watan Oktoba na 2017, doka ta wajabta a rubuta a jikin hoton talla cewa an gyara shi, matuƙar an rage ko an ƙara wa jikin mai tallar. Ni ma'aunina mai sauƙi ne: abin da zai tafi da kansa cikin mako biyu, kamar ƙurji ko jan ido na rashin barci, ina cirewa. Abin da mutum ke kwana da shi ya tashi da shi, ina bari. Masu cewa in ɗan haska musu fata nakan nuna musu hoton yadda yake tukuna, da yawa sukan ce a bar shi haka.

Wannan ma'aunin wani dattijo ne ya sa min shi. Ƴaƴansa suka kawo shi a yi masa hoton da za a rataye a falo. Yana da wani tsohon tabo da ya raba girarsa ta dama gida biyu, ga layuka uku masu zurfi a goshi. Na zauna da dare na share tabon tas, na cike girar, na goge layukan, na mayar da shi ɗan shekara hamsin. Da suka dawo karɓa, ya riƙe hoton da hannu biyu, ya nisanta shi, ya kusanto da shi, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ɗana, wannan bawan Allah wane ne?"

Ƴaƴan suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ɗora yatsa a kan girarsa ya ce wannan tun yana yaro yake tare da shi, matarsa ma da shi ta san shi. Na ce, "Baba, a ba ni zuwa gobe." Na koma kan asalin hoton, ban taɓa komai ba sai ɗan ƙyallin da ke kan hancinsa. Washegari ya duba sau ɗaya, ya gyaɗa kai, ya ce a wanke masa guda huɗu, ɗaya ƙarami wanda zai shiga aljihu.