Inda Waya Ba Ta Kaiwa

A Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi a Ghana, nake sana'a, kayan gyaran manyan motoci nake sayarwa, kuma a Aboabo aka yanke mini cibiya. Hoto bai taɓa kawo mini ko sidi ɗaya ba. Amma duk tafiyar da za ta fitar da ni daga Kumasi, biki ne a Tamale, ta'aziyya ce a Salaga, ko sarin kaya a Abossey Okai da ke Accra, akwai wata 'yar baƙar kyamara a aljihuna na dama. Panasonic Lumix TZ90 ce, ƙirar 2017, na hannu na saya a Adum. Da batir da komai nauyinta giram 320 ne da 'yan kai.

Yaran gidanmu dariya suke yi mini. Ɗan yayata ya ce, "Kawu, wayarka fa megafiksel 50 ce, wannan tsohuwar 20 kacal. Me ya sa kake ɗora wa kanka kaya?" Ba shi kaɗai ba ne, duniya ma hukuncinsa ta yanke. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamara sama da miliyan 120, a 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Waya ta cinye kasuwar. Ni ma hoton rasit, da hoton ƙarfen da kwastoma ke nema, da hoton ango cikin dare, duk da waya nake yi. Abu ɗaya tak ya rage wa 'yar kyamarar, wato abin da ke nesa in akwai rana. A nan kam har yau wayar da ke aljihun talaka ba ta kamo ƙafarta ba.

In ka kunna ta, gilashin gaba yana turo kai waje hawa-hawa. A takure yana ɗaukar fili kamar gilashin milimita 24 na babbar kyamara, in ya miƙe duka sai ya kai 720. Raba 720 da 24 ka ga 30, shi ne 30x ɗin da ke jikinta. Gilasan ne da kansu ke tafiya gaba da baya a ciki, su jawo abin kusa tun kafin haskensa ya sauka kan sensa, wato ɗan falangen da ke kama hoto a ciki. Yawancin wayoyin da muke riƙewa a Zango, su Tecno da Infinix da itel, in ka buɗa yatsu biyu a kan allo babu abin da ya motsa a ciki. Tsakiyar hoton aka yanko aka kumbura, shi ya sa yake dagulewa. Wayoyi masu tsada suna da gilashin nesa na gaske, ninki 3 ko 5, wasu har 10, abin da ya haura nan kuwa lissafin kwamfuta ne.

A dajin Mole, gandun namun daji da ke arewacin Ghana, na san darajar kuɗina. Daga Kumasi ka bi Techiman da Kintampo, ka haye Baƙin Volta a Buipe, ka karya hagu a mahaɗar Fufulso, ka wuce Damongo, sai Larabanga, daga nan ƙofar dajin ba nisa. Masaukin baƙi yana kan tudu, tafkunan da dabbobi ke shan ruwa suna can ƙasa. Mu da abokan tafiyata muna tsaye a bakin tudun giwaye suka sauko. Kowa ya ɗaga waya, kowa ya samu ɗigo-ɗigon toka a tsakiyar fili. Ni na zuƙo har ƙarshe, sai ga kunnen wata giwa da yagewa a gefe, ga laka tana tsiyaya daga hancinta, ga farin tsuntsu yana bin sawunta. Wani Alhaji da muka zo mota ɗaya ya leƙo allon, ya dubi tafkin, ya sake leƙowa, ya ce, "Malam, wannan ai madubin hangen nesa ka zo da shi." Da sassafe kuma aka fita da mu a ƙasa tare da mai gadin daji da bindigarsa, shi kuwa ba ya barin kowa ya matsa kusa da giwa, kuma da gaskiyarsa. Daga inda ya tsayar da mu na samu gadu ya durƙusa a kan gwiwoyin gaba yana kiwo, na samu mariya ta ɗaga kai, na samu burtu yana takunsa na ƙasaita.

Sai dai akwai wata cakwakiya da ba a faɗa wa mai saye. Lokacin da ya fi kyau a ga dabbobi shi ne rani, sa'ad da ruwa ya ƙafe a daji dole su zo tafki, ciyawa kuma ta kwanta. Farkon ranin nan kuwa shi ne hunturu. Duk ƙurar da ke tsakaninka da giwa, kyamara tana tattaro ta ta zuba maka a hoto. Abin da ke kusa ya fito tas, na nesa ya fito fari-fari ba armashi. In rana ta take kuma, ƙasa ta ɗau zafi, iska tana rawa a kanta, layin bishiya ya fito a karkace. Babu maɓallin da ke gyara wannan. Maganinsa sammako, da haƙurin jira dabba ta matso da kanta. Na lura hotunana da suka fi kyau ba na 720 ba ne, na wajen 300 zuwa 400 ne.

Sannan rawar hannu. Abin da ya jawo giwa ninki 30 ya ninka karkarwar hannunka haka nan. Masu hoto suna da tsohuwar ƙa'ida: in kana kan 720, ƙiftawar kyamara kada ta ɗauki lokacin da ya fi kashi ɗaya cikin 720 na daƙiƙa. Akwai na'urar daidaita rawa a cikin gilashin, tana taimakawa ƙwarai, amma hannunka take kamawa, ba ta kama biri mai tsalle. Ga shi ƙofar haske tana tsukewa in gilashin ya miƙe, daga f/3.3 zuwa f/6.4, hasken da ke shiga ya koma wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Wato a daidai lokacin da ka fi buƙatar haske ne take rage maka shi. Ni dai na manna gwiwar hannu a haƙarƙari, na kafa ido a 'yar tagar leƙe don goshi ma ya tokare, na riƙe numfashi, na sa ta harba hotuna a jere. Cikin biyar ɗaya yakan fito da kaifi. In akwai katanga ko rufin mota, a kai nake ɗora ta. Ban taɓa ɗaukar mai ƙafa uku ba; ranar da na fara ɗaukarsa, amfanin ƙanƙantarta ya ƙare.

Da magariba sai ta koma aljihu. Sensarta bai fi milimita 6 da 4 da rabi ba, wasu wayoyin ma nasu ya fi shi girma, ga shi waya tana ɗaukar hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido ta haɗa su wuri ɗaya. In ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, ya haura 800 a tawa, fuskar mutum sai ta cika da tsaki-tsaki. Daren Maulidi, ko zaman biki a ƙarƙashin rumfa da kwan lantarki biyu, ɗan yayata ne ke da gaskiya, kuma nakan miƙa masa aikin.

Masallacin Larabanga ma waya ta wadatar, tunda gabansa kake tsaye. Mutanen garin suna kai tarihinsa 1421. Abin da kyamara ta ƙara mini shi ne saman hasumiya: kawunan itatuwan da suka fito daga jikin ginin, inda farar ƙasa ta tsattsage, da rassan tsohuwar kukar da ke gefensa. A ciki salla na shiga yi, ban fito da ita ba.

Abin da ke kashe irin wannan kyamara ƙura ce, kuma mu da ke taɓa inji mun fi saurin gane dalili. Gilashin da ke fita yana komawa tamkar zugazugin maƙeri yake, duk fitowa sai ya shaƙi iska, duk abin da ke cikin iskar ya bi. Ba a cire gilashinta balle a goge ciki. In ƙura ta zauna a kan sensa, duk hoton sama sai ka ga baƙin tabo a wuri ɗaya, in kuma yashi ya shiga haƙoran da ke tura gilashin sai ya maƙale a waje. Don haka ko da yake ta aljihu ce, ba na jefa ta aljihu tsirara cikin ɓarɓashin goro da zare. Tana da 'yar jakarta mai zif. A mota in taga a buɗe take kuma muna bin wata babbar mota a baya, ba na kunna ta. Gilashin gaba ba a goge shi da gefen riga, a hura tukuna sannan a sa ƙyalle mai laushi. A Kumasi kuma damina ce abokiyar gaba, laima tana sa fumfuna ta tsiro cikin gilashi. Ƙananan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, su nake tarawa na zuba a robar da nake ajiye ta.

Ba sai an je arewa ba. Tafkin Bosomtwe bai fi kilomita 30 daga gari ba, ramin da dutse daga sama ya haƙa shekaru wajen miliyan ɗaya da suka wuce. Masuntan can ba kwalekwale suke shiga ba, kan katako suke zama suna tuƙi da hannu. Daga gaɓa in ka zuƙo mutum ɗaya, tsaunukan da ke bayansa sai su matso su tsaya a kansa kamar zai taɓa su, alhali nisa ne mai yawa. Gilashin nesa haka yake, yana matse tazara. A Manhyia ma, fadar Sarkin Asante, ranar bikin Akwasidae da ake yi duk bayan mako shida, ɗan kallo irina ba ya samun gaba. Daga baya can na ɗauko saƙar kenten da ke kafaɗar wani basarake zare-zare, da adon zinariyar da ke saman manyan lemomi, da hannun makaɗi a kan ganga. Sarkin kansa, Otumfuo Osei Tutu II, da yake kan gadon tun 1999, sau da yawa kan mutane ne ke tare mini shi.

Akwai inda abin ke ci mini rai. Kyamarar da za ta kawo maka kunnen giwa za ta kawo maka fuskar matar mutane daga tsallaken titi ba ta sani ba. Daga saman sabuwar kasuwar Kejetia za ka iya ɗaukar mai kifi tana ƙirga cinikinta, ko 'yar kayayo, mai dakon kaya, ta sauke kwanonta tana barci, babu wanda zai ankara. Hotunan sukan yi kyau, shi ne fitinar. Ni iyakata ita ce, taro da rumfuna da cunkoso ina ɗauka, amma in fuskar mutum ɗaya ce za ta cika hoton, sai na sauka na yi sallama. A Tamale na tarar da wani dattijo yana ɗinka riga ta saƙi, na gaishe shi, na ce, "Baba, in ka yarda ina son hoton hannunka a kan aikin." Ya ce, "Hannu kawai, ɗana?" Na ce hannu kawai. Ya gyara zama, ya gyara hula ma, ko da yake ba za ta fito ba. Wasu sukan ce a'a, musamman iyayenmu mata 'yan kasuwa, Tonawa, wato Asante, da namu duka, kuma a'arsu ta zauna. Barikin soja da shingen 'yan sanda kuwa ko fito da ita ba na yi.

Batir ɗaya yakan kai ni yini in ban cika kallon allo ba, amma ina da na biyu, saboda zuƙowa da mayarwa na cin wuta, kuma ba kowane masauki ne za ka tarar da lantarki ba. Hotuna ina tura su waya ta Wi-Fi. Wanda zan aika wa ta WhatsApp a matsayin fayil nake aikawa, in ba haka ba sai ya matse hoton, yagewar kunnen giwar da na sha wahala a kai ta ɓace.

Masu tambayata wacce za su saya suna ƙaruwa, don 'yan TikTok sun dawo da yayin ƙananan kyamarori, farashin na hannu ma ya tashi. Canon SX740 HS tana kaiwa 960, amma ba ta da tagar leƙe, kuma cikin hasken ranar Damongo allo ba ya ganuwa. Sabuwar Lumix TZ99 an sa mata cajin USB-C, sai aka cire tagar, ni a wurina ciniki ne na asara. Mai son hoto ya fi tsabta da yamma ya nemi mai sensar inci ɗaya, wanda filinsa ya ninka na tawa kusan sau huɗu, irin TZ200 mai kaiwa 360 ko Sony RX100 VII mai tsayawa a 200, ya san ya sayar da nisa ya sayi haske, kuɗin kuma ba ɗaya ba. In ta hannu ce, kunna ka kashe a gaban mai shago kana saurare, kukan motar gilashin ya zama sumul ba gurnani. Zuƙo har ƙarshe ka ɗauki sama ko farin bango, ka buɗa hoton ka nemi tabo. Haska tocilan waya cikin gilashin ko akwai fumfuna. Cire batir ka ɗora a kan tebur, in yana lilo ya kumbura, a rage maka kuɗinsa.