Allura, Faifai da Kunne

Shekara talatin da ɗoriya ina wannan sana'a a Sabon Garin Kano: gyaran garmaho, wanke faifai, da juye tsofaffin waƙoƙin Turawa zuwa filas ko memori. Maigidana, Allah ya jiƙansa, sai da ya sa na yi wata shida ina goge ƙura kafin ya bar ni na taɓa allura. Ran da na kama faifai da tafin hannu, ranƙwashi na sha. "Yaro, ta gefe ake riƙewa, kamar kwanon miya mai zafi." Har gobe haka nake riƙewa.

Faifai yana da abokan gaba biyu a garin nan, ƙurar hunturu da zafin bazara. Ka bar shi awa ɗaya a bayan mota, ya lanƙwashe kamar gurasa. Ƙura kuwa cikin siraran layukan take shiga ta kwanta, ita ce ke sa wannan ƙaras-ƙaras da mutane ke zaton tsufa ne. Ni da ruwan batir nake wankewa, wato tataccen ruwa ba asid ba, da burushi mai laushi, ina bin layi a zagaye, sannan in jingine shi a tsaye ya sha iska a inuwa. Babban faifai juyi 33 da sulusi yake yi a minti, ƙarami 45. In bel ɗin da ke juya faifai ya saki, muryar mawaƙi sai ta yi nauyi kamar wanda ya tashi daga barci. Kunnena yana kama wannan tun kafin na buɗe injin.

Kwanaki wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya kawo mini faifan Rubber Soul na Beatles, mawaƙan Ingila, na 1965, wai sifikarsa ɗaya ta mutu. Na ce, "Baba, lafiyarta ƙalau." Haka aka haɗa faifan, murya a gefe guda, yawancin kiɗa a ɗaya gefen. Na zaunar da shi tsakanin sifiku biyu, na sauke allura. Bai ce uffan ba har fuskar farko ta ƙare.

Wannan ne masu turi na bakin titi ba su sani ba. Su kwaso waƙa ɗari biyar daga intanet, a matse, bes ya mutu, ganga kamar ana dukan gwangwani, sunan ABBA a kan waƙar Boney M. Sai mutum ya shigo shagona yana cewa, "Ai can arha ne." To ai arha ba ta ado. Ni fuska ɗaya minti ashirin take ci, kuma ina zaune ina saurare har ƙarshe. In allura ta yi tsalle, daga farko zan sake.

Faifan da ba na sayarwa shi ne Band on the Run. A Legas Paul McCartney, tsohon ɗan Beatles, ya ɗauki yawancinsa a 1973, a situdiyon EMI, kuma da yake makaɗin gangarsa ya fice gab da tafiya, shi da kansa ya buga. Mutum uku sun taya faifan, na ce albarka. Mai son ji ya zo bayan la'asar, in akwai wuta, zan ɗora masa.