Auna zuciya da suga bayan raunin laka: takarda ɗaya ba ta isar mace da namiji

Idan aka kawo mana wanda laka ta samu rauni, hankalin kowa yana kan gyambon kwanciya da robar fitsari da ƙafafun da suka daina motsi. Zuciya da suga sai an tuna. Alhali wanda ya tsallake shekarun farko, ciwon zuciya da na jijiyoyin jini suna cikin manyan abubuwan da ke kai shi ƙasa. Tsoka ce ke zuƙe mafi yawan sugan da ke cikin jini, kuma manyan tsokoki a cinya da ɗuwawu suke. Da zarar sun shanye, kitse ya maye gurbinsu. Kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda hatsari ya yi wa wannan rauni maza ne, don haka yawancin alƙaluman da muke aiki da su daga jikin maza aka samo su. Shi ya sa nake raba awon gida biyu tun daga farko.

Da nauyi nake farawa. Inda babu sikelin da keke zai hau, sai wani mai ƙarfi ya ɗauki majinyaci su hau tare, a cire nauyin mai ɗaukar. Ga mace, mijinta ko 'yar'uwarta nake nema, in ba haka ba awon ba zai yiwu ba. Tsayi a kwance ake aunawa, gaɓa-gaɓa idan ƙafa ta ƙandare. Ƙa'idar da ƙungiyar Paralyzed Veterans of America ta Amurka ta fitar a 2018 ta ce BMI, wato lissafin nauyi gwargwadon tsayi, idan ya kai 22 ya riga ya zama ƙiba ga mai raunin laka, ba 30 da aka saba ba. Idan kuma kitsen jiki aka auna kai tsaye, iyakar namiji kashi 22 ce, ta mace 35. Kitsen namiji a ciki yake taruwa, kewaye da hanji da hanta, kuma shi ne mai haɗarin. Na mace, kafin al'ada ta ɗauke, ya fi zuwa ƙugu da cinya. Tef ɗin awon ciki kuwa ba na sakankancewa da shi, domin cikin da tsokarsa ta saki yana zubowa gaba ko babu kitse. A kwance nake aunawa, bayan an yi bahaya, a ƙarshen fitar numfashi, kuma da awon mutumin na baya kawai nake kwatantawa.

A sakamakon jini ne aka fi yi wa mata kuskure. Kitse mai amfani, HDL, ƙasa da 40 ne ya yi kaɗan ga namiji, amma ga mace ƙasa da 50 ne. Ke nan 45 lafiya lau ne ga maigida, gargaɗi ne ga uwargida, kuma ba kowace takardar ɗakin gwaji ce ke bambancewa ba. Maza masu wannan rauni HDL ɗinsu kan faɗi. Matan da ke al'ada nasu kan fi kyau, sai a saki jiki, a manta cewa kariyar tana tafiya tare da al'adar.

Sugan safe kafin karin kumallo yakan fito daidai ga wanda jikinsa ya riga ya fara gazawa. Gwajin da ya fi kama shi shi ne a sha gulukos giram 75, a auna bayan awa 2: daga 140 zuwa 199 an kama hanyar ciwon suga, 200 an shiga. Gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan watannin baya, ya fi sauƙi, sai dai ƙarancin sinadarin ayon, wanda ya yawaita ga mata masu zubar jini, yana iya ɗaga shi ba gaira ba dalili, sikila ma tana rikita shi. Haka kiriyatinin, sinadarin da ake duba aikin ƙoda da shi: daga tsoka yake fitowa, mace mai shanyayyun ƙafafu tana iya nuna ƙoda garau alhali ta raunana. Wannan abin lura ne kafin a rubuta maganin suga na metformin.

Awon hawan jini kuma sai an san inda raunin yake. Daga T6, wato ƙashin baya na shida a sashen ƙirji, zuwa sama, lambar sama ta awon jinin mutum takan zauna tsakanin 90 da 110. Idan ya ɗaga da 20 zuwa 40 a kan nasa, tare da sarawar kai da gumi a fuska, to tashin jini ne na gaggawa ko da agogon ya nuna 140 kawai. A zaunar da shi, a sauke ƙafafu, a sassauta tufafi, a duba ko robar fitsari ta lanƙwashe ko ta toshe, sannan bahaya, ana sake awo duk minti 2 zuwa 5. Idan na saman ya tsaya a 150 ko fiye, sai magani.

A nan tambayoyin ke rabuwa. Namiji, kafin in taɓa nitirogilisarin, maganin sauke jinin, sai na tambaye shi, ba a gaban 'yan rakiya ba, ko ya sha maganin ƙarfin maza. Sildenafil cikin awa 24, ko tadalafil cikin aƙalla awa 48, haɗuwarsu da nitirogilisarin na iya kayar da jini ƙasa warwas. Mai yawan kasala da teɓa kuma ina sa a auna masa testostaron, sinadarin mazakuta, da safe, don yakan yi ƙasa bayan wannan rauni.

Mace, al'ada takan ɗauke na wasu watanni bayan hatsarin, sannan ta dawo, kuma ciki yana shiga. Ciwon mara da naƙuda duka suna tayar da wannan hawan jinin, a ɗakin haihuwa kuma ana iya ɗaukarsa alamar jijjiga, alhali maganinsu daban ne: nan allurar kashe zafi ta baya ce ke riga-kafi. Ƙwayar tazarar haihuwa mai estirojin tana ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafar da ba ta motsi. Allurar wata uku kuma tana rage ƙarfin ƙashin da dama yana zaizayewa, ga ƙarin ƙiba. Ba na barin a zaɓa mata ba tare da likitan mata ya san matsayin lakarta ba.

Mai rauni a wuya, mace ko namiji, ƙila ba zai ji ciwon ƙirji ba ko da zuciya na cikin matsala. Haki, tashin zuciya ko gumi marar dalili sun isa a ɗauki hoton bugun zuciya.

Motsa jiki don lafiyar zuciya, ƙa'idar duniya ta 2018 ta ce minti 30, sau 3 a mako, da ƙarfin da zai sa a yi haki. Namijin da ke tuƙa keken hannu zuwa kasuwa ko masallaci yakan samu wani kaso. Matar da ke cikin gida ba ta samu, kuma kafaɗarta ta fi saurin gajiya a kan keke mai nauyi. Ita nake tsara wa robar ja da aka ɗaure a ƙyauren ɗaki da zagayen tsakar gida, minti 10 sau uku idan 30 a jere ya gagara. Abinci kuwa, kimanin kalori 28 kan kowane kilo ga mai shanyewar ƙafafu, 23 ga wanda ya haɗa da hannuwa. Wannan bai kai abin da suke ci kafin hatsarin ba, kuma sukarin shayi da na kunu da lemon kwalbar 'yan dubiya nake fara ragewa kafin in taɓa tuwo.